Goyon Inna Tsahara

…kuma tun daga Tsarnawa ba ta sake yin tari ba. Ko ta yi, iska ta kwashe? Hayatu yana ƙara wuta, babur yana kuka a kan kwalta, ƙullin zanen da aka ɗaure masa tsohuwar da shi yana cin cikinsa. Da suka taso, goshinta kamar garwashi a tsakanin kafaɗunsa. Yanzu… yanzu rana ce ke dukansa ta ko'ina, wa zai bambance?

Inna Tsahara. Ba dangin iya, ba na baba. Shi ɗan kabu-kabu ne, cikin waɗanda suka sa kansu kai talakawa likita kyauta, kowa da ranarsa. Sa kai! Wa ya aike shi? Shi ya yi ta zarya ƙofarta, yana lallashi kamar mai neman aure. Ɗanta yana Legas, surukarta tana jego, babu mai hawa baya ya riƙe ta. Sai zane. Goyon tsohuwa, shi da ko ɗan cikinsa bai taɓa goyawa ba.

"Na yarda, yaro. Amma in ni cika bisa hanya, ka maishe ni gida. Kak ka bari su sa ni ɗakin ƙanƙara."

Can mijinta ya kwana, aka dawo mata da shi a sandare kamar itace. Ba ta manta ba. Hayatu ya ce wallahi, Inna. Har da dariya ya ce. Dariya!

Rami — kanta ya bugi ƙeyarsa, ya koma. Ko wash. Hannun nan da ya damƙe masa riga tun daga gari, yaushe ya saki? Barci ne. Masu zazzaɓi suna barci. Uwarsa ma barci aka ce tana yi, ranar da aka rasa amalanken da zai kai ta… a'a, ba yanzu ba.

"Inna?"

Babbar mota ta wuce, ta haɗiye muryarsa.

Ba ya iya waiwayawa, an ɗaure su tamkar mutum ɗaya. Amma baki fa? Ga jandarma a shinge, ya ɗaga masa hannu, Allah ya ba ta lafiya. Ga masu albasa a bakin hanya. Kalma ɗaya — malam, duba mini fuskarta. Bai tsaya ba. Sauri, wai. Ƙarya yake yi, tsoro ne, tsoro tsagwaronsa.

Konni. Ƙofar gidan likita. Ƙafarsa ta taka ƙasa.

In tana da rai ya juya gida, shi ya kashe ta. In babu ya shiga, sun karɓe ta, ƙanƙara, ga wallahinsa a wuya har gaban Allah. Mai gadi yana yafito shi, shigo mana, ka tare hanya!

Akwai abin da ke bugawa a bayansa. Kaɗan-kaɗan. Zuciyarta? Tasa? Ko injin ne kawai yake girgiza su duka biyu?

In ya kashe injin, zai sani.

Yatsunsa suna kan makulli. Mai gadi ya taso, yana leƙen bayansa… Hayatu ya runtse ido. Ya gaji. Babur yana ta kuka a ƙarƙashinsu.