Ƙoƙon Ƙugun da Aka Auna Sau Tara

Ƙoƙon roba ne, irin wanda ake sa wa mutum idan gaɓar ƙugunsa ta lalace. Daga jikin wata tela aka ciro shi, ya iso ɗakin awo da takardar Babban Likita: zaizayar da aka saba ce, a sa hannu.

Injiniya, kamar yadda ake kiran ma'aikaciyar ɗakin awon a asibitin da gatse, ba ta sa ba. Ta wanke shi, ta ɗora ƙarƙashin na'urar da ke bin sa da siririn haske tana zana inda ya cinye. Gefe guda ya fito jajir a allo. Cin shekara goma sha biyar cikin shekara uku. Ga mutum goma sha ɗaya na yawo da irinsa a jiki, duk Babban Likita ya sa musu, kuma sai an kira su an duba.

Ya sauko da kansa. Ya zura babban yatsa cikin ƙoƙon, ya murza, ya lumshe ido kamar mai zaɓen kankana, ya ce sumul yake. Wai matar ce ta cika ƙiba, ga taka keken ɗinki ba hutu.

"Yarinya, tun ba a yaye ki ba nake sa ƙugu."

"Ranka ya daɗe, na'urar ba ta san shekarun kowa ba."

Sau bakwai ya sa ta sake awon. Yau ya ce ƙura ce a madubin na'urar, gobe hannunta ne ke rawa, alhali ba hannu ke riƙewa ba. Da ya gaji, ya tura ta ɗakin wanke kayan tiyata. Wata biyu tana goge almakashi da digirinta biyu. Har yayarta ta ce ta sa hannu mana ta huta, ƙugun babanta ne? Ta ci gaba da goge almakashinta.

Sai Babban Likita ya gayyato abokinsa, wani farfesa, ya zo ya kunyata ta. Farfesa ya auna, ya daɗe yana goge tabarau. Lambarta ce ta fito, ko ɗigo bai kauce ba.

Ba wanda ya ba ta haƙuri. Sakatare ne ya leƙo, ya ajiye mata sunayen mutanen nan, ya ce Oga ya ce tunda ita ta tono, ita za ta kira su. Ta tuɓe safar hannu, ta ja waya. Tsohuwar da ta fara ɗauka ta ce ai tun bara ƙafar ke hana ta zama, amma an ce mata tsufa ne.