Ɗorawar Inna Larai

Ku yi mini afuwa da na ɗauki biro, ni ba marubuciya ba ce. Karatu kawai na iya, shi ma a bayan rumbu nake yi don kunyar idon mutane. Abin ne ya ƙi barin raina.

Ƙauyenmu yana bayan Rijiyar Zaki, kuma birni ya kusa cim mana. Bana aka turo ma'aikata su sake tsara unguwar, a yi titi da magudanar ruwa da fitilu masu aiki da hasken rana, har da filin shan iska da za a dasa wa bishiyoyi. Kowa ya yi murna, sai ranar da kakata, Inna Larai, ta je duba ɗorawarta ta tarar an shafa mata jan fenti, alamar za a sare.

Ɗorawar tana tsakiyar gonar Baba Dabo, taubashin Inna, amma ba tasa ba ce. A wajenmu gona daban, bishiya daban. Inna ta gaje ta ne daga mahaifiyarta, da kalwarta take yin daddawa shekara arba'in. Su kuwa ma'aikatan, mai gona kaɗai suka tambaya. Ya amince da titi, bai ma tuna da ɗorawar ba.

Kwana uku Inna ba ta ci abincin kirki ba. Ranar da ma'aikatan suka kira taro a makarantar firamare ta ce in raka ta. Taswirar sabon tsarin unguwar tana manne a allo.

"Halimatu, leƙa ki gano mini. Ina bishiyata?"

Na je na duba, na sake dubawa, na dawo na raɗa mata cewa ta kanta titin zai bi.

Ta miƙe daga layin mata na can baya.

"Dabo, da ka ba da gona, har da ɗorawar uwata ka haɗa?"

"Yo tsohuwa," in ji Baba Dabo, "ke da ita wa ya girmi wani? Ku huta tare mana."

"Miyar da ka side jiya, daddawar wa ke ciki, kwaɗayayye?"

Aka kwashe da dariya, har shi. Injiniya Asiya, shugabar ma'aikatan, ita ba ta yi ba. Ta juya wajen mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, da gaske bishiyar ba ta mai gona ba ce?"

"Haka muka taso muka tarar. Ba ku tambaya ba, mu kuma mun ɗauka kowa ya sani."

Ta tambayi mata su nawa ke da bishiya a gonar wani. Na ƙirga hannu goma sha ɗaya, har da na Asabe mai bishiyar kuka.

Injiniya ta daɗe a gaban allo. Can ta zaro fensir ta karkata titin, ta mayar da filin shan iska inda ɗorawar take.

"Muna shirin dasa ƙanana mu jira inuwa shekara goma," ta ce, "ashe ga inuwa a tsaye. Gobe mu zagaya tare, kowace ta nuna mana tata. Kalwa kuma ta mai ita ce."

Inna ta zauna ta saki dogon numfashi.

"Inna," in ji Injiniya, "wa ya gano miki hakan a taswira?"

Kafin Inna ta waiwayo ta nuna ni, na riƙe takalmana a hannu na sulale ta ƙofar baya.