Tsamin da ke Ɗakin Kuramochi

"To ka ji sharaɗina," in ji tsoho Kuramochi daga kan shimfiɗarsa, yana tari. "Kullum safiya ka ƙwanƙwasa min ƙofa, ba na so ƙudaje su sanar da mutuwata. In an ƙona ni, ka kai tokata garinmu a Akita. Makullin kabad ɗin nan yana can wurin mai kula da ɗakin ibadar garin. Ka miƙa masa tulun tokar, ya miƙo maka makulli, abin da ke ciki ya zama naka."

Hagiwara, mai shagon tsofaffin zane a ƙasan benen, ya dubi kabad ɗin ya haɗiyi yawu. Duk unguwar Nakano an san abin da ke ciki: fallayen roba garau da aka yi wa fenti da hannu ɗaya bayan ɗaya, aka haɗa finafinan katun da su kafin kwamfuta ta kashe sana'ar. Kuramochi ya fara tsintar su tun ana zubar da su a shara. Bai yi aure ba, bai san ɗanɗanon naman kirki ba, albashinsa na gidan waya duk nan ya ƙare. Kowanne ya liƙe shi cikin leda kada iska ta taɓa. Ko kallonsu ba ya yi. Tarawa kawai.

Hagiwara ya ja hanci. "Dattijo, wannan tsamin fa?"

Kowane ɗan kasuwar nan ya sani, robar in ta rasa iska ta fara ruɓewa, wari mai tsami irin na ruwan khal take yi.

"Maƙwabciyata Tsuyako ce," in ji tsohon, ya nuna bango da haɓa. "Ita da gurjin da take jiƙawa a ruwan khal. Ta hana mu shaƙar iska a benen nan."

Hagiwara ya yarda, don yardar ta fi masa daɗi.

Haka ya zama ɗa na gari da rana tsaka. Kullum sai ya hau bene da kwanon shinkafa da miyar waken suya, yana murmushin da bai wuce haƙoransa ba.

"Ya jikin, Baba?"

"Ban mutu ba tukuna, ungulu. Ka dawo gobe."

"Haba Baba, wa ke maganar mutuwa?"

"Idonka. Tun shigowarka yana kan kabad."

In ya haɗu da Tsuyako, bazawarar ɗakin kusa, sai ya toshe hanci. "Uwar gida, ki tausaya wa marar lafiya mana."

"Ni rabona da jiƙa gurji tun maigidana na da rai," ta ce. Bai tsaya ji ba. Mai kwaɗayi kunnensa ɗaya ne, kuma yana wajen kabad.

Wata safiya ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya tura ƙofa ya tarar da tsohon a kishingiɗe, ya cika, shayinsa bai gama hucewa ba. Wurin ƙona gawa su biyu ne kacal, shi da Tsuyako. Ita ta yi kuka. Shi yana duba lokacin tashin jirgin ƙasa.

Ya rungumi tulun har Akita, ya hau tudun ɗakin ibadar yana haki, ya durƙusa gaban mai kula da shi, ya karɓi makulli.

Da ya dawo ko takalminsa bai tsaya jerawa a bakin ƙofa ba ya buɗe kabad. Warin ya doke shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya zaro leda ta farko: robar ta yamutse kamar busasshen kifi, fentin ya narke ya manne da takardar bayansa. Ta biyu haka. Ya zazzage akwatunan da ke cikin kabad ɗin duka. Jarumai da dodanni da 'yan mata masu manyan idanu, duk sun zama kwaɓaɓɓen launi ɗaya.

Tsuyako ta leƙo daga bakin ƙofa, ta ja hanci. "Ashe gurjina ne a kabad," ta ce, ta koma ɗakinta.

Kuramochi dai ya sami mai ƙwanƙwasa ƙofa, da shinkafa mai zafi, da kabari kusa da uwarsa. Tsuyako ta wanke sunanta. Hagiwara ya sami aikin kwashe shara.

Falle ɗaya ne ya tsira, wanda tsohon bai ga darajar sa shi a leda ba, ya maƙala shi a bango da ƙusa. Babu fuska a jikinsa, babu ido. Baki ne kawai aka zana, irin wanda ake ɗorawa a kan fuskar katun in za ta yi motsi a fim. Iska ta shigo ta taga tana kaɗa shi a hankali, bakin a buɗe, yana dariya.