Harafin Drahomira

Vilem ya ajiye takardar a kan bargon asibiti, tawadar ko gama bushewa ba ta yi ba. Matarsa Drahomira ta gyara tabarau ta ƙura mata ido. Sanarwar rasuwarta ce, irin mai baƙin gefe da mutanen birnin Prag ke aika wa dangi. Ita ta matsa a shirya, tun ranar da likita ya daina kwana-kwana. Shekara hamsin ko katin biki ba a bugawa a maɗaba'arsu sai ta sa hannu, ba kuwa a kan tata za a fara ba.

Harafin farko na sunanta shi ya sassaƙa a katako, ya naɗe shi da reshen fure. Ya kwaikwayo shi ne daga wani tsohon zane na masu zana mafarki maimakon abin da ido ke gani: mace ta lumshe ido, gashinta ya zama rassa. A gaban zanen nan suka fara haɗuwa, tana cewa barci matar take, shi yana cewa sauraro take. Har yau ba su daidaita ba.

"Tsoho, wannan ganyen fa?" in ji ta. "Shekaranjiya fure ya karkace, jiya reshe ya tsinke, yau ganye kamar kunnen jaki."

"Hannu ne ya fara rawa, Draha."

"Rawa! Kai da ke sassaƙa gashin ido?"

Ya sunkuyar da kai. Wayo dai irin na yaro, a dattijo ɗan saba'in da takwas: muddin akwai gyara ba za ta sa hannu ba, gobe kuwa dole ta rayu ta jira shi. Tsoro yake ji, tsoro ƙwarai.

"Fito da na kirkin," in ji ta. "Yana aljihunka, na sani."

Ya daɗe kafin ya zaro. Wannan kam babu makusa, reshen ya zagaye harafin lumui har ya ƙare da fure guda a rufe. Ta shafa shi da ɗan yatsa.

"Ka iya, ja'iri. Ba ni alƙalami. Na gaji, Vilem."

Ya miƙa mata. Ta sa hannu a ƙasa, ta jingina da matashi ta lumshe ido.

"Barci za ki yi?" ya tambaya.

"A'a. Yi magana, sauraro nake."