Ranar da Aka Kashe Injin Bashir

Abu ɗaya Inna take nema tun da ɓarin jikin Baba ya shanye: ta ji da kunnenta ya ce ya yafe mata. Ba wani laifi ta yi masa ba. Zaman aure ne mai tsawo, kuma ita a wurinta mace ba ta barin mijinta ya tafi ba su yafi juna ba. To amma muryar Baba ta koma raɗa, sai ka kai kunne bakinsa, kuma ba kullum take fita ba.

A wannan halin ne Bashir ya tashi gina bene a jikin katangarmu, nan Hayin Banki. Bashir fa, wanda Baba ya koya wa alwala a zaurenmu. Injin kwaɓa kankare, janareto, masu yankan rodi, tun asuba har bayan isha'i. Kwanuka na rawa a kan kanta. In Inna ta durƙusa gaban gado ta fara, "Malam, don Allah…" sai injin ya haɗiye sauran.

Na gaji, na yafa gyale na tafi ofishin masu kula da gine-gine. Aka ce an ba Bashir izinin gini, amma da sharaɗin kashe injuna da yamma tunda cikin gidajen mutane ne. Aka haɗa ni da wani jami'i, Malam Garba. Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Yana zuwa ya sa aka kashe komai.

Wayyo, shirun nan. Har kukan tattabarun maƙwabta na ji. Sai Malam Garba ya ce dole ya ji ta bakin mai gida, don ƙorafin ya tsaya da ƙafarsa. Inna ta ja mayafi ta koma ɗaya ɗakin, tunda baƙon namiji zai shigo. Bashir ya biyo shi, ya tsugunna yana sunkuyar da kai kamar na Allah.

"Baba, aikin nan yana damunku?" in ji Malam Garba.

Baba ya dubi Bashir. Na ga yana tattaro ƙarfinsa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ranar muryar ta fita tar, yadda muka daɗe ba mu ji ba.

"Babu komai. Ɗana ne."

Haka mutanenmu suke, ba a kai ƙarar maƙwabci, balle wanda ya tashi a hannunka. Na sani sarai, amma raina ya ɓaci. Malam Garba ya ja wa Bashir kunne, ya dube ni da tausayi, ya hau babur ɗinsa. Kafin Inna ta fito, Baba ya gaji ya yi barci. Kafin ya farka, an tayar da injin, wai kankaren da aka kwaɓa zai bushe.

Ran Alhamis da yamma jikin Baba ya rikice. Su Bashir suna zuba kankaren rufin benen, ba tsayawa. Na aika a roƙe su, aka ce in an tsaya ginin zai tsage. Inna ta riƙe hannun Baba tana ɗaga murya, ita da ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba.

"Malam, ka yafe mini. Ni na yafe maka duniya da lahira."

Leɓɓansa suka motsa. Na kifa kunnena a kansu. Ya yi magana, wallahi ya yi, na ji ɗumin numfashinsa a kumatuna. Daga nan bai ƙara ba.

Bashir ya zo gaisuwa yana share hawaye, ya dakatar da aiki har sadakar uku, don girmamawa. Unguwa ta yi tsit. Mata na ta yabonsa, wai yaron ya san ya kamata.

Da mutane suka ragu, Inna ta jawo ni gefen gadon da aka naɗe katifarsa.

"Rukayya, ke kika fi kusa da bakinsa. Me ya ce?"

Na so in yi mata ƙarya, Allah ya sani na so. Amma ta tsare ni da ido, kuma ita ta haife ni.

"Inna, injin kawai na ji."