Murfin Kwatar Ƙofar Gida

Da hukumar birni ta fito da manhajar kai rahoto, Mai Agogo ne ya fara saka ta a wayarsa a duk layin. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ya fita ya ɗauki hoton murfin kwatar ƙofar gidansu da ya fashe, ya tura, ya dawo yana ce wa matarsa yanzu kam gwamnati ta shigo aljihunsa. Ta ce to ya yi hankali kada ta huda aljihun.

Bai ga gyaran ba. Wata biyu bayan haka ya rasu.

'Ya'yansu suka zo, suka yi kwanakin da za su iya, suka koma garuruwan aikinsu. Aka bar matar, wadda kowa ke kira Gwaggo, da ɗaki biyu, da agogon bango bakwai, da wayar marigayi. Kowace Litinin da safe wayar takan yi ƙara, saƙo ya shigo: "Barka da safiya, Mai Agogo. Rahotonka yana kan layi." A ƙarƙashin saƙon ga hoton da ya ɗauka, kuma da yake bai iya riƙe waya ba, babban yatsan ƙafarsa ya fito a gefe, cikin silifas ɗin nan da ta yi shekara tana cewa ya yar.

Gwaggo ba yarinya ba ce, ta san inji ne ke turo saƙon. Amma masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa, 'ya'yan ma in sun bugo sai su ce "marigayi". Wayar ce kaɗai ta rage a duniya da ke gaishe shi kamar yana ɗaki. Saboda haka ba ta taɓa bari cajinta ya ƙare ba.

Wata Laraba birkilan hukuma ya zo da baro da siminti, ya zuba sabon murfi, aiki tsaf. Washegari manhajar ta tambaya ko an gyara, ta ba da wurin danna Eh da na A'a. A ƙasa an rubuta da ƙananan haruffa cewa in aka danna Eh za a rufe rahoton, a cire shi daga waya. Gwaggo ta sa tabarau ta karanta sau biyu, ta danna A'a.

Birkilan ya dawo, ya zaga murfin, ya taka, ya ƙara siminti a inda ba a buƙata. Ta sake danna A'a. Litinin ta yi, aka gaishe da Mai Agogo. Haka aka yi har sau huɗu, murfin nan ya yi kaurin da ko tirela ta hau ba zai ce uffan ba.

A zuwa na biyar bai taɓa siminti ba, sallama ya yi. Mutum ne mai furfura a gemu, hular aikinsa a hannu. Ya ce yana neman Mai Agogo ne, yana so ya nuna masa aibin aikin da bakinsa. Ya ce a ofishinsu duk rahoton da aka mayar ana rage wa ma'aikaci maki, kuma ogansa ya gaya masa in aka sake mayar da wannan, ya ajiye kayan aiki.

Kunya ta kama Gwaggo har ta rasa inda za ta sa idonta. Ta shiga ta ɗauko wayar, ta nuna masa saƙon da hoton, ta gaya masa gaskiya ba ta rage komai ba.

Ya daɗe yana kallon yatsan. Sannan ya miƙa mata wayar da hannu biyu.

"Ki bar shi a A'a, Gwaggo. Zan san abin da zan gaya musu."

"'Ya'yanka nawa?"

"Biyar."

Ta danna Eh a gabansa. Wayar ta yi godiya, hoton ya ɓace.

Birkilan ya rasa abin yi mata, sai ya karɓi tata wayar ya saka mata manhajar, ya rubuta Gwaggo a wurin suna. Ya ce duk abin da ta gani ya lalace ta tura, ita ma za a riƙa gaishe ta.

Litinin ta zo, wayar marigayi ta yi shiru a kan tebur. Gwaggo ta jira har hantsi ya ɗaga, kewa ta cika mata ƙirji. Ta yafa mayafi, ta ɗauki tata wayar ta fita neman abin da za ta kai rahoto. Ta duba sandunan fitila, ta duba kwandon shara, ta taka murafun kwata ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layin, ta dawo ta ɗaya gefen. Ko fashewa ɗaya ba ta samu ba.