Ƙwallon da Ghislain Ya Ɗaga

Ghislain yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana kan gwiwar matarsa Solange, wadda ta danne idonta na hagu da tawul. Tawul ɗin ya riga ya rine ja. Ni ina baya, rungume da sandunan hokinsu.

"Kalli titi, ɗan nan," na ce masa. "Ni da bishiya ta danne a daji ban mutu ba, sau biyu ƙanƙarar tafki tana ruftawa da ni ina fitowa, ba motar suruki ce za ta kashe ni ba."

Ya mai da ido kan titi. Direban bas ne, shekara da shekaru bai taɓa goge ko kare ba, amma ran nan sai kauce wa layinsa yake yi.

Dokar tafkinmu, inda muke buga hoki in ruwan ya daskare ya zama ƙanƙara, ta girme shi: ranar Lahadi, in unguwa ta fito wasa, ba a ɗaga ƙwallo sama da gwiwa. Ba mai hular kwano, ba mai kariyar fuska. Ƙwallon kuwa roba ce mai faɗi, in ta sha sanyi dutse ce. Solange 'yata ce ke tsaron raga, kamar yadda na tsare ta a zamanina, lokacin da maza ke maza. Ghislain ya zo da gudu, ya ja ƙwallon baya zai shara ta ƙasa-ƙasa, sai takalminsa ya ci karo da tsaga a ƙanƙarar. Nauyinsa ya koma ƙafar baya, bakin sandar ya buɗe sama. Ƙwallon ta tashi kamar tsuntsuwa.

A asibiti suka shige da ita. Ghislain ya zauna kan benci, ƙafarsa ɗaya da takalmin gida, ɗayar da safa kawai.

"Baba, wallahi ba da gangan na ɗaga ba."

"Na sani. Da gangan ai ba ka iya ba. Tun da ka auri 'yata nake ce maka ka kifa bakin sanda kan ƙwallo, ka bi ta da jikinka, sandar ta ƙare tana nuna ƙasa. Ni ban yi aji ko ɗaya ba, amma ban taɓa fasa fuskar kowa ba sai wanda na yi niyya."

"In idon ya tafi fa? Ɗinki take yi, Baba. Da me za ta zura zare?"

Na tashi. Na sayo mana kofi a injin sayarwa da ke jikin bango, ya riƙe nasa har ya huce.

Can likita ta leƙo, yarinya ƙarama, ta yafito mu. Solange na zaune bakin gado, girarta a ɗinke, gefen fuskar ya kumbura ya yi shuɗi. Amma idon a buɗe yake, yana kallonmu.

"Ƙashin gira ne ya tare," in ji likitar. "Idon lafiya lau."

Ghislain ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza. Ƙashin gidanmu ne, na gaya wa likitar. Ta ce ba ta musa ba.

"Tashi, kana ba ni kunya," Solange ta ce. "Ta shiga?"

"Me?"

"Ƙwallon mana. Ta shiga raga?"

Ya share hanci. "Ta faɗi gefe."

"To na tare ke nan. Baba, kai ne shaida."

"Na bar wasan nan, Solange. Yau zan jefa sandar a murhu."

"A'a, ba ka isa ba." Ya miƙe, ta miƙa masa hannu ya tashe ta. "Lahadi mai zuwa kai ne a raga. Ni zan buga."